Kujerar Depite a Zauren Baba

Ina tashar Gazawa ƙanwata ta kira ni, ta ce, "Yaya, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na hau kabu-kabu zuwa Agiye ban san inda takalmina ɗaya ya faɗi ba.

Mahaifinmu Sabi'u malamin lakol ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, kuma shi ne ma'ajin tarihin wakilcinmu. Duk wanda ya taɓa zama depite, wato wakilin yankinmu a majalisar Yamai, tun kafin a cire Gazawa daga Agiye, Baba zai faɗa maka sunansa da abin da ya kawo da abin da ya kasa. A zaurensa akwai kujerar ƙarfe guda, ba mai hawanta sai depite. In majalisa ta tafi hutu, wakili ya zo ya zauna, Baba da manoma su yi masa tambayoyi. Baba yakan ce, "Wanda muka aika, ya dawo ya faɗa mana abin da ya gano."

Bai taɓa yi wa kowa kamfe ba sai mutum ɗaya, ɗalibinsa da ya koya wa riƙon alli. Ya kama hannunsa ƙauye ƙauye har Cadawa, yana cewa, "Ni na tsaya masa. In bai dawo ba, ni za ku tuhuma."

Ya ci zaɓe, amma bai dawo ba. Wallahi ko sau ɗaya. Mutane kuwa suka tuhumi Baba, har a kasuwa wani ya ce masa, "Mushe, ina ɗan naka?" Tun ranar ya daina zuwa kasuwa. Amma kullum da safe sai ya share kujerar nan da hannun rigarsa, ya ce, "Ku bari, aiki ne ya yi masa yawa." Wannan kariyar ta fi komai ƙona mini rai.

Ranar addu'ar uku sai ga depiten nan da motoci da mai ɗaukar hoto. Ya yi gaisuwa, ya nufi kujerar. Na riga shi, na ɗauke ta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai tambayar ya tafi. Ga tabarma."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Inna da mu haƙuri. Ya Allah, Baba ya cika nasa alkawari, kar Ka kama shi da na wani. Amin.