Ƙafata Ɗaya a Hoton Elementare

Ni ne mutumin da ya ƙaga ƙarya da bakinsa, ta zaga gari ta dawo, ya yarda da ita. Wannan wauta ba zan manta da ita ba har a binne ni.

Ina aji biyu a elementaren Potiskum, ginin ƙasa mai ɗaki biyu, lokacin ana kwasar samari zuwa yaƙin Burma. Malaminmu ya ce gobe Baturen makaranta zai ɗauke mu hoto, kuma wanda ya fi ƙoƙari shi zai zauna gaba ya riƙe allo. Wanda ya fi ƙoƙarin kuwa wani ɗan Kanawa ne. Ni ko baƙaƙe ban gama rarrabewa ba, amma allon nan nake so. Da aka tashi na ja ɗan Kanawan gefe na ce, "Hoton nan na zaɓen soja ne. Mai riƙe da allo za a fara ɗauka."

Ya gaya wa uwarsa, ita kuma ta kai labarin bakin rijiya. Da safe Innata tana miƙo mini koko tana share hawaye. "Ka tsaya baya, ka ji? An ce har motar ta iso, tana kasuwar shanu."

Ni dai na san ban sa mota a labarina ba. Na bi ta kasuwa, sai ga ta tsaye. Ta ɗaukar fatu ce, amma a ranar wa zai gaya mini?

Aka jera mu jikin bango. Ɗan Kanawa ya ƙi allo fafur, sai Malam ya danƙa mini. Abin da na nema ya samu, amma hankalina na kan motar nan. Bature na cusa kai cikin baƙin ƙyallen kyamara, na yar da allo na ranta cikin na kare.

Kunya ta hana ni komawa. Baba ya gaji da duka, ya haɗa ni da dillalan shanu. Iyakar bokona ke nan. Abin da na koya shi ne, in ka saki ƙarya kada ka ɗauka za ka gane ta ranar da ta dawo.

Ɗan Kanawa ya zama hedimasta. Bayan mun yi furfura ya nuna mini hoton: allo a ƙasa, shi can baya, a gefe kuma ƙafata ɗaya a sama. Sannan ya yi tambayar da har yau ban amsa ba.

"Alhaji, ni dai kai ka ruɗe ni. To kai, wa ya ruɗe ka?"