Gwangwanin Mutum Biyu

Orrin Thibodeau ya tsufa yana tuƙa motar share ƙanƙara a garinmu, a arewacin jihar Maine ta Amurka, kuma bai taɓa aure ba. Abincinsa ɗaya ne, miyar gwangwani ta kaza da masara, mai kaurin nan da madara, wadda ɗumamawa kawai za ka yi ka sha. Kullum a kantin Lucille yake saye, wata bazawara mai tsokanar tsiya.

"Orrin, wai kai ba ka iya karatu ba ne?" in ji ta. "Duba jikin gwangwanin nan. Na mutum biyu ne."

"Ai cikina na mutum uku ne," sai ya ce, ya gyara hula ya fice. Shi a zatonsa yawan gishirin miyar take jiye masa.

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, har Lucille ta gaji. Ta sayar da kantin, ta koma wajen 'yarta a kudu, can ta rasu.

Bara hawan jini ya kwantar da shi. Malamar asibitin da ke zuwa duba shi a gida ta ɗauki gwangwanin tana jujjuyawa.

"Baba, kazar ba ta taka kara ta karya ba, gishiri ne da maiƙo fal. Kuma adadin gishirin da aka rubuta nan na rabin gwangwani ne. Kai kaɗai kake shanye na mutum biyu? Ba wanda ya taɓa gaya maka?"

Orrin ya daɗe yana kallon gwangwanin.

"An gaya mini," ya ce. "Kullum sai ta faɗa. Ashe cokali take jira in miƙa mata mu sha tare."