Ai Ban Faɗi Sunansa Ba

"To ka gaya mini, Garzali, mutum nawa ne suke wankan gawa a garin nan?"

"Na maza? Ai Malam Hassoumi ne kawai, Anti."

"Ka ji ko? Ko tunani ba ka tsaya yi ba. Shi kuwa likita guda, da duk karatunsa, ya dubi idona ya ce wai ai bai faɗi suna ba."

A ɗan ɗakin ɗibar jini muke zaune, a bayan wani ƙaramin asibiti da ke gefen titin Wendover. Aikina shi ne zagaya irin waɗannan asibitoci da mota, in kwashi kwalaben jini in kai wurin gwaji. Ranar na iso ba a gama haɗa akwatin ba, sai Anti Daso ta ce in ja kujera. Tana liƙa wa kwalabe suna, tana magana, ba ta ko kallona.

Duk Bahaushen da ya daɗe a garin Greensboro ya san Anti Daso. 'Yar Fagge ce. Ta biyo mijinta ƙasar Turawan nan tun tana da ƙuruciya, ta yi shekaru tana naɗe kwalaye a wani sito, da yamma kuma tana zuwa makaranta, har ta samu takardar taimaka wa likita. Ita ke auna nauyi da hawan jini, ita ke ɗibar jini, in kuma tsoho ya zo ba ya jin Turanci ita ce bakinsa. Rabin tsofaffinmu ita ta kai su wannan asibitin. Ba ta da wata doguwar hujja. Sai dai ta ce, "Ki zo, na tsaya miki," kuma a zo.

Likitan da take yi wa aiki, Dakta Muzammil, ɗan ƙawarta ne. Yana ƙaramin yaro ta same shi a garin nan. In uwarsa tana wurin aiki a gidan Anti yake wuni, yana cin tuwo da cokali, ana yi masa Hausa yana amsawa da Turanci. Da ya gama karatu ya dawo gida ya kama aiki, ba wanda ya kai ta murna. Ko a gaban marasa lafiya "ɗana" take ce masa. Ranar da ya sayi gida a unguwar Sedgefield ita ta dafa abincin walima.

A aikinsu, duk shekara sai likita da ma'aikatansa sun zauna ƙarin karatu, in ba haka ba ba za a sabunta musu takardar aiki ba. Wasu don dole suke zuwa, su ci abincin rana su yi gyangyaɗi. Anti kuwa sahun gaba take zama.

"Ni ina son abin," ta ce mini. "Abin da aka koya maka bara, bana sai a ce an gyara. Akwai shekarar da aka ce mana in za a auna hawan jini, mutum ya zauna, ƙafa a ƙasa, kada ya yi magana. Na ɗaga hannu na ce, malama, mutanena fa gaisuwa kaɗai sai ta cinye lokacin. Ina gida, ina yara, ina gajiya, ya sanyi. Aka yi ta dariya. Amma na bi, kuma na ga amfaninsa."

Ta ajiye kwalbar da ke hannunta, ta koma kan Malam Hassoumi.

Mutumin Maraɗi ne, yana zaune a unguwar Glenwood a wani ɗan tsohon gida, 'yan jami'a sun kewaye shi ta ko'ina. Ba ya karɓar komai a kan wanka. In an yi rasuwa a kira shi kawai, sai ga shi da 'yar jakarsa mai sabulu da kafur da safar hannu. Shi ya wanke mijin Anti Daso.

Tun lokacin korona ya canja. An yi ta rasuwa a jere, wasu ma ba a bar shi ya taɓa su ba, daga nesa aka yi musu salla. Barci ya ƙaurace masa. Hannunsa ya kama rawa. 'Yarsa Khairiyya ta same shi sau da yawa a cikin mota a ƙofar gida yana kuka, ya kasa fitowa. Ita ta zo ta gaya wa Anti a ɓoye.

"Na daɗe ina binsa," in ji Anti. "In kai masa fura, in kawo zancen, ya kawar. Ya ce, Hajiya, maganar da ta fita daga baki ta zama ta mutane. Na ce, Malam, ɗakin likita kabari ne, abin da ya shiga ba ya fitowa. Yaron nan ɗana ne, a hannuna ya girma. Na ɗauki amanar. Da bakin nan nawa na faɗa, Garzali."

Ya zo. Ya zauna ya faɗi abin da ko matarsa bai gaya wa ba, Anti tana juyawa zuwa Turanci, tana haɗiye nata hawayen. Aka ba shi maganin damuwa. A hankali ya fara barci, ya yi ɗan kumari, har ya dawo yi wa yara barkwanci a ƙofar masallaci.

Wata rana bayan an sallami marasa lafiya, Dakta ya ja kujera kusa da ita, ya ce ta bayyana masa yadda wankan gawa yake, don ya ƙara fahimtar Malam. Ta ji daɗi. Ta ce a ranta yaro yana neman sanin gida. Ta gaya masa yadda ake rufe al'aura, a fara da dama, a sa kafur a ruwan ƙarshe. Ta gaya masa babbar ƙa'idar, cewa mai wanka ba ya faɗar abin da ya gani a jikin mamaci, ko tabo ne ko ciwo, har ya koma ga Allah. Dakta yana ji yana gyaɗa kai.

Sai ranar ƙarin karatu ta zo. A wani babban ɗaki na otal aka yi, an tara likitoci da ma'aikatan ƙananan asibitoci da yawa. Dakta Muzammil yana cikin masu lacca. Anti ta ci ado, ta zauna a gaba.

"Ya fara da kyau. Yana cewa tsofaffin baƙi ba sa cewa suna cikin damuwa, sai dai su ce kai, su ce ƙirji. Gaskiya ne. Sai ya ce bari ya ba da misali. Rubutu ya fito a allo: wani dattijo daga Afirka ta Yamma, mai wanke gawarwaki a masallacinsu. Kukan mota yana nan. Rawar hannu tana nan. Sunan maganin yana nan. Har maganata, cewa mai wanka ba ya faɗar abin da ya gani, ya sa ta da manyan baƙaƙe. Turawan nan suka yi ta girgiza kai, abin ya taɓa su. Ni kuwa na waiga."

"Wa kika gani, Anti?"

"Salwa. 'Yar mutanenmu, wadda take zaune a teburin karɓar mutane a asibitin yara. Ta dafe baki, ta zaro ido, tana kallona."

Anti ba ta zargin Salwa da mugunta. Uwarta kaɗai ta gaya wa, cikin tausayi. Uwar ta gaya wa aminiyarta, ita ma cikin tausayi. Kafin Juma'a, maganar da ke yawo ita ce Malam Hassoumi yana shan maganin masu taɓin hankali, kuma Daso ce ta kai shi, ita ce take ɗakin lokacin da ya yi magana.

Ba a jima ba mahaifin wani ɗan'uwanmu, Abdul-Rauf, ya rasu. Na je wannan jana'izar, na ga abin da ya faru, amma a lokacin ban san dalili ba. Malam Hassoumi ya iso da jakarsa, ya tarar an ɗauko wani mai wanka daga wani gari, har ya shiga. Aka riƙe masa hannu, aka ce, "Malam, ka huta, ka yi ƙoƙari." Ya tsaya a jikin bango da jakar a hannu har aka fito da gawa. Ya bi salla, ya tafi.

Anti ta shiga ofishin Dakta ta rufe ƙofa.

"Na ce masa, Muzammil, me ka yi? Ya ce, Anti, ai ban faɗi sunansa ba, ban faɗi shekarunsa daidai ba, ban faɗi ƙasarsa ba. Duk abin da ƙa'ida ta ce in cire na cire. Na ce, ƙa'idar ta san mu nawa ne a garin nan? Ya ce likitoci da yawa sun ƙaru, wasu tsofaffin za su amfana. Na ce, shi wannan tsohon fa, ka tambaye shi? Na ce, ni da ka ja kujera ka zauna kusa da ni, ka gaya mini allo za ka kai maganata?"

Abu ɗaya ta roƙe shi. Ya je Glenwood, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya ba dattijon haƙuri, ko da gurguwar Hausarsa ce. Ya ce zai yi shawara. Daga baya ya ce mata manyansa sun ce kada ya je gidan mara lafiya a kan irin wannan magana. Ya aika saƙo ta waya, da Turanci, yana cewa bai ji daɗi ba idan an samu rashin fahimta. Khairiyya ba ta ma karanta wa uban ba.

Sai Anti ta tafi da kanta.

Malam ya karɓe ta a baranda. Ya shimfiɗa mata darduma, ya gaishe ta gaisuwa cikakkiya, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ta fara bayani, ya ɗaga hannu.

"Ya ce, Hajiya, ni na wanke Alhaji mijinki. Kin taɓa jin abin da na gani? Na ce a'a, Malam. Ya ce, to. Bai ƙara komai a kai ba. Da zan tashi ya ce ya yafe mini duniya da lahira, ya san ba ni na hau allo ba. Amma ya bar maganin lokotoro, wato likita, kuma ba zai sake yin magana ta bakina ba."

Ta jawo wata kwalba, ta juya ta, ta mayar.

"Har yau Khairiyya tana fama da shi ya je wani asibitin. Ya ƙi. Rawar hannun ta dawo. Ina ganinsa a masallaci daga nesa, sai in canja hanya, don kada in sa shi gaisuwar dole."

Na tambaye ta ko an ƙara yin laccar. Ta ce an so ya maimaita a wani taron, don an yaba ƙwarai. Ta gaya masa in ya sake sa Malam a allo za ta miƙe a tsakiyar ɗakin ta faɗi abin da ya biyo baya. Ya cire wannan ɓangaren. Suna aiki tare har yanzu, tana miƙa masa abin da ya nema, tana ce masa Dakta.

"Me ya hana ki barin wurin, Anti?"

"In bar wa wa tsofaffin? Ni na kawo su."

Ta rufe akwatin jinin, ta turo mini. Ina sa hannu na ji sallama daga ɗakin jira, da ƙarfi, irin ta wanda kunnensa ya yi nauyi. Mma ce, wata tsohuwa 'yar zangon Kumasi, tana dogara sanda, jikanta ya sauke ta ya wuce aiki.

"Daso! Ina ɗan namu? Ya shigo?"

"Dakta yana ciki, Mma. Sannu da zuwa. Ya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi, ba ita ta kawo ni ba." Ta matso, ta kama gefen mayafin Anti, ta rage murya yadda take jin ta rage. "Yau akwai maganar da zan gaya masa, ko 'ya'yana ban gaya wa ba. Kin dai tsaya mini ko?"

Anti Daso ta dubi ƙofar ofishin Dakta, ta dubi tsohuwar. Ta ɗauko abin awon hawan jini daga ƙugiya, ta rataya a hannu.

"Zo ki fara zama in auna ki, Mma. Ƙafa a ƙasa, kuma ba magana."

Ta riƙe mata gwiwar hannu, suka bi baranda a hankali zuwa ɗakin awo.