Dutsen Niƙan Sarinem

Shekara arba'in da ɗaya Sarinem ta yi tana sayar da dafaffen ganye da miyar gyaɗa a bakin tashar garin Madiun, kuma sabulu bai taɓa hawa dutsen niƙanta ba. Haka ta gada wurin uwarta: a goge da ɓawon kwakwa, a kife. Cewa take daɗin miya a cikin dutsen yake kwana.

Ranar da 'yarta Wuryani ta kawo mata jikarta Ratri daga birnin Surabaya, tun daga ƙofa ta ja mata kunne.

"Inna, jikin Ratri abokiyar gaba yake ɗaukar gyaɗa, in ji likita. Ko ƙurarta kada ta lasa."

"Ji min yarinya! Ni za ki koya wa ciyar da yaro? Ke da me kika girma?"

Duk da faɗan, ta kiyaye. Barkono da tumatir kaɗai ta niƙa wa jikar, amma a kan dutsen nan.

Loma uku Ratri ta yi leɓenta ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Allurar gaggawar da Wuryani ta caka mata a cinya ce ta kai ta asibiti da rai.

Ranar Sarinem ta dirje dutsen da sabulu har hannunta ya yi jini.

Yau Ratri shekararta sha tara. Duk Sallah takan zo ta durƙusa ta sumbaci hannun kakarta, sannan ta zauna ta buɗe kwanon abincin da ta taho da shi.