Wakilin Yaya a Gwajin Jini

Mu uku mahaifiyarmu ta bari: Yaya, ni, da autanmu. Yaya ne mai rumfunan atamfa a babbar kasuwar Garwa, kuma tun da ya zama Alhaji bai sake zuwa ko'ina da ƙafarsa ba. Ɗaurin aure ya aika wakili, suna ya aika wakili, har gaisuwar mara lafiya wakili ne ke kai masa ita da kwandon lemo.

Autanmu tela ne. Ya fara da zazzaɓin da muka ɗauka na sauro ne, sai dadashinsa ya riƙa zubar da jini, sai taka keken ɗinki ta gagare shi. Daga asibitin Garwa aka tura mu Yawunde, a can aka ce sankarar jini ce. Likitar da ta duba shi ta ce magani zai riƙe shi na ɗan lokaci, amma abin da ake sa rai da shi dashen ɓargo ne a ƙasar waje, in an samu wanda nasu ya dace.

Da ta ga Faransancina ya ƙare, sai ta koma Fulatanci. Ta ce kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da shaida, kamar tsagar da makiyayi ke yi wa kunnen shanunsa. Su suna kiranta HLA. Da ita masu gadin jiki suke gane na gida da baƙo. Wani lokaci ƙwayar sankara takan ɓoye tata shaidar ta wuce ta gabansu. In kuma aka dasa ɓargon da shaidarsa ta saɓa, faɗa ne zai kaure a cikin jiki. Rabin shaidar daga uba take, rabi daga uwa, saboda haka wanda ake fara nema shi ne wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya. Ko shi ma, ɗaya cikin huɗu ne ke dacewa gaba ɗaya.

Aka ɗebi jinina a ranar don gwaji. Da sakamako ya zo, rabi ne kawai ya dace, likitar ta ce a halin da yake ciki ba za a yi kasada da shi ba. Saura Yaya.

Na je Garwa na same shi a rumfa na yi masa bayani har da shanun. Ya saurara yana jan carbi, ya ce tafiya da masauki duk a kansa. Washegari babban ɗansa ya iso asibiti da sabuwar shadda, yana naɗe hannun riga.

Na koma na ce, "Yaya, kai ake nema."

"To shi wannan jinin wa ne a jikinsa? Na maƙwabci?"

"Rabinsa na uwarsa ne."

"Kai dai tun kana yaro ba ka son uwarsa."

Da aka maido da ɗan, sai Yaya ya cika mota da 'ya'yan baffanninmu daga Marwa, kowa da katin rukunin jininsa a hannu, suna gardamar wa ya fi wa. Gwaggonmu kuma ta ji an ce ɓargo ne ya lalace, ta sa aka kwaso mata ƙasusuwan sa daga mahauta, ta dafa, ta tsaya a kan mara lafiya sai ya tsotse. Ya tsotsa don kada ta ji kunya, ya amayar bayan fitarta. Ita dai ta zo da kanta.

A bakin gwaggon na ji abin da ke damun Yaya. Wani abokin cinikinsa, wanda iliminsa na likita bai wuce sayar da man zafi ba, ya gaya masa cewa wanda aka zuƙe wa ɓargo ba ya ƙara amfanar iyali. Na ce wa Yaya gwajin farko ɗan jini ne a kwalba kamar yatsa, kuma ɓargo yana mayar da kansa. Ya ce zai duba bayan an sauke kayan salla. Bayan salla ya ce sai an gama lissafin shekara. Ya yanka raguna, ya sa aka yi sauka, ya aiko da fanka.

Autanmu ya gane kafin ni. Wata rana ina goge masa baki ya ce, "Ka bar shi haka nan. Kar ka sa ya ji tsoron zuwa ganina ma." Ban gaya masa cewa wannan ya riga ya faru ba.

Ya rasu a gida, ana tsakiyar zafi, bayan an sallame mu. Har yau ba wanda ya san ko na Yaya ya dace. Mai yiwuwa bai dace ba, nakan gaya wa kaina haka.

A maƙabarta, da aka zo sa shi a kabari, liman ya ce makusanta su matso. Na durƙusa ta wajen kai ke nan sai na ji hannu a kafaɗata.

"Ku ba ni wuri," in ji Yaya, da muryar da har na bayan sahu suka ji. "Cikinmu ɗaya da yaron nan."

Na tashi. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya haɗa da wayoyinsa biyu ya miƙo mini in riƙe masa, kada su yi ƙasa.