Daffayar da Na Ɓoye wa Baba

Wata Juma'a ce a ƙarshen watan Fabrairu, ina da shekara goma sha ɗaya, Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya a tsakiyar falonmu na unguwar Manfuha a Riyadh, ya cire rigar sanyinsa ya ninke ya ɗora a hannun kujera. Ko sannu da zuwanmu bai gama amsawa ba ya ce, "To alhamdu lillahi, sanyi ya wuce. Wannan shi ne na ƙarshe da za mu yi a ƙasar nan." Umma tana tsince shinkafa a bakin kicin, ba ta ko ɗago kai ba. Ni kuwa na san abin da ke biyo bayan wannan magana. Karo na huɗu ke nan da nake jin ta da wayona, kuma duk shekara da muryar mai albishir yake faɗin ta, kamar bai taɓa faɗa ba.

Baba mutumin Gumel ne, direban tankar ruwa a Riyadh tun kafin a haife ni. A lissafinsa, kullum saura kaɗan mu koma gida. Tunda kuwa ba za mu sake ganin wani sanyin a nan ba, me za a yi da kayan sanyi? Saboda haka da zarar iska ta fara ɗumi sai a tattara barguna, da rigunanmu masu kauri, da safa, da daffaya, wato na'urar nan ta lantarki mai ɗumama ɗaki, a sauke wa samarin da ke zaune a ƙasan gidanmu. 'Yan gida ne sababbin zuwa, leburorin gini, su takwas a ɗaki biyu. Suna karɓa suna zuba masa addu'a, shi kuma yana shafa gemu yana cewa, "Ai mu tafiya za mu yi." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mu ne masu wankin. A zuba barguna a baho da ruwan omo, mu shiga muna tattakawa har tafin ƙafarmu ya yi fari ya yamutse, mu kinkima su zuwa saman bene suna ɗiga a bayanmu, mu shanya, mu ninke da kyau, duk don wasu ƙatti su lulluɓa.

Sai zafi ya zo ya wuce, ba tafiya ba labarinta. Yau kafili, ubangidan da iznin zamansa ke hannunsa, bai sa hannu ba, gobe ginin da ake yi masa a Gumel bai kai rufi ba, jibi kuma a bari yara su gama zango. Kafin ka ankara Disamba ta shigo, sanyin Riyadh mai shiga ƙashi ya sauka, mu kuwa ba mu da komai sai zannuwan gado. Ko a lokacin Baba ba ya yarda ya saya da wuri, don sayen bargo a wurinsa tamkar amsa laifi ne. Na sha tsayawa a layin safe na makaranta da rigar makaranta biyu a jikina, ɗaya kan ɗaya, leɓena a tsattsage, 'yan ajinmu suna cikin rigunan gashi suna tambayata ko a ƙasarmu ba a jin sanyi. Ni dai sai in harare su. Kuma ba talauci ne ya sa mu wannan wahala ba, don ko kusa ba mu rasa ci da sha ba. Taurin kai ne kawai na mutum ɗaya.

Ni dai zan iya jurewa, amma ban da Sadiƙu. Shi ne ƙanena, shekararsa biyar a lokacin, mai ciwon ƙirji tun yana goye. Sanyi na taɓa shi sai numfashinsa ya riƙa fito kamar butar shayi, ya zauna a jingine da bango idanunsa a waje. Duk shekara sai an kai ga haka, sai an ɗauke shi zuwa asibiti an sa masa abin shaƙa, sannan Baba zai shigo da sabuwar daffaya a kafaɗa fuskarsa a murtuke, kamar mu muka aiko sanyin. Ta waccan shekarar mai sanduna uku ce, masu yin ja in an kunna. A gabanta muke ɗumama kubus, burodin Larabawa, da safe, a gabanta nake yin aikin makaranta, Umma ta kafa kujera nesa kaɗan ta rataya safar Sadiƙu. Tun da ta shigo gidan tarinsa ya lafa. Da na ji maganar Baba ranar Juma'ar nan, na bi Umma kicin na ce ta yi magana mana, ko don yaron nan. Ta ci gaba da wanke shinkafarta ta ce, "Mahaifinki ne." Wallahi har ita na ji haushinta ranar.

A wancan zamanin Alhamis da Juma'a ne hutun makaranta. Alhamis ɗin da ta biyo baya muka yi wankin barguna, Baba yana wajen aiki. Da na hau da na ƙarshe, sai na sauko na naɗe wayar daffayar, na rungume ta na haura da ita saman bene. Akwai wani lungu a bayan tankin ruwa da ba mai leƙawa sai tantabaru. Nan na cusa ta, na rufe da buhun shinkafa, na danne da guntun katako. Da yamma Baba ya zo rabon kaya ya nemi daffaya. Na dube shi ido cikin ido na ce ta yi tartsatsi ta ƙone, na kai ta shara. Umma ta kalle ni kallo ɗaya ta juya. Shi kuwa ya ce ba komai, dama ta gama aikinta. Ban ji ko ɗigon nadama ba, har wani daɗi na ji da na ga samarin sun tafi da barguna kawai.

Daga nan lokacin tsakanin sanyi da zafi da Larabawa ke kira rabi'i ya shigo. Safiya ta yi daɗi, aka daina dafa ruwan wanka, tsofaffi suka dawo zama a ƙofar baƙala, kantin unguwa. 'Yan ajinmu suna ta labarin iyayensu sun kai su jeji sun ga furanni sun fito a cikin rairayi, mu kuwa iyakarmu saman bene, muna 'yar gala-gala da alli a kan siminti. A tsakiyar Maris aka yi ruwa kwana biyu a jere, har da ƙanƙara, titunan Manfuha suka cika yara suna tsalle a ciki. Da aka ɗauke na haura a guje. Iska ta yaye buhun, daffayar tana zaune cikin ruwa har rabinta. Na zazzage ta, na goge da gefen zanena, na mayar na ce ai kafin Disamba ta bushe. Yarinya ce ni, iyakar sanina ke nan.

A farkon Afrilu Baba ya hau gyaran mukayyif ɗinmu mai sanyaya ɗaki, irin na ruwa wanda ake canza wa ciyawar gefe kafin zafi ya kankama. Ya kira ni in riƙa miƙa masa kaya. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya zagaya bayan tanki neman bakin tiyo, sai na ji shiru. Ya fito da daffayar a hannu, ta yi tsatsa ja-wur, kashin tantabaru ya bushe a kan sandunan.

"Uwata, mene ne wannan?"

Na ce daffaya ce.

"Ba ke kika ce ta ƙone ba? Me za ki yi da ita, mu da za mu tafi?"

Ban san lokacin da maganar ta fito ba, amma na daɗe da ita a cikina. Na ce, "Ba inda za mu, Baba. Bara ma haka ka ce, bara waccan ma haka. Kai ma ka sani. Sai Sadiƙu ya kusa mutuwa kake sayen wata."

Na rufe ido ina jiran mari, kuma da ya mare ni da na fi son haka. Bai taɓa ni ba. Ya ajiye daffayar a hankali a gefen tanki, ya tsuguna ya ci gaba da cusa ciyawa a mukayyif. Can ya ce in sauka, zai ƙarasa shi kaɗai. Na sauka kaina a sama, don a ganina gaskiya na faɗa, kuma har yau ban ce ƙarya ba ce.

Watan Nuwamba na shekarar, tun kafin sanyi ya leƙo, ya shigo da daffaya da barguna huɗu ba tare da kowa ya roƙa ba. Sadiƙu bai kwanta asibiti ba a wannan sanyin. Da Fabrairu ta ƙare Baba bai yi maganar tafiya ba, sai ma ya sayo ƙatuwar durowa, irin wadda ba ta shiga kayan matafiyi, aka jera kayan sanyin a ciki. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Sai daga baya na lura ya daina ba mu labarin Gumel bayan sallar Magariba, ya daina kiran maginin gidansa na can a waya, in 'yan gida sun tambaye shi yaushe ne tafiya sai ya ce Allah ne masani. Ya koma mutum mai shiru, mai dawowa daga aiki ya ci abinci ya kwanta.

Yanzu ina aikin jinya, ina zaune a unguwar Shifa nan Riyadh da mijina da 'ya'yana uku, a gidan da maɓalli ɗaya za ka danna ɗaki ya yi ɗumi. Sadiƙu ya zama ƙato, Hausarsa sai ka yi haƙuri. Umma ta rasu, Baba yana wurina, ya tsufa ƙwarai. In na tuna layin safen nan da fiton ƙirjin yaron nan, har gobe raina yana ɓaci, kuma ban yarda cewa ni ce mai laifi ba. Amma bana da sanyi ya janye, na zauna kusa da shi na ce, "Baba, na ɗauki hutu. Ka shirya in kai ka gida ka ga Gumel." Ya kalli hannuwansa, sannan ya ce, "Wurin wa, Uwata?" Na tashi na shiga kicin na tsaya. Da dai na bar shi yana cewa za mu tafi.