Damen geron da ban kai Sifawa ba

Shekarun baya, duk kaka mahaifiyata takan ware dame ɗaya na gero ta ce in kai wa wani tsohon malami a Sifawa. Ban taɓa tambayar dalili ba. Ni dai a ganina wahala ce irin ta tsofaffi, a ɗaura wa mutum dame a bayan babur tun daga Horo Birni. Sai na fara sauke shi a Boɗinga gidan abokina mai kiwon kaji, mu sha hira, in dawo in ce mata Malam na gaisuwa. Shekara uku ina wannan gwaninta.

Ran nan sai ta ce bana da ita za a je, tana son ganin garin Shehu tun da sauran ƙarfinta. Na ce hanya ba kyau, na ce babur ba lafiya. Ta ce a samo mota.

Da muka isa, Malam ba ya gida, sai ƙanensa ya zagaya da mu. Ya nuna mana inda Shehu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato, da unguwannin da ɗalibai suka sauka. A nan na ji cewa kakan kakanmu ɗalibi ne ya zo ba shi da kowa, gidan su Malam suka ciyar da shi har ya gama karatu. Tun daga lokacin damen nan bai taɓa yankewa ba. Ina ta gyaɗa kai kamar mai son tarihi, alhali gumi har cikin takalmina.

Muka koma zaure. Malam ya shigo yana dogara sanda, mahaifiyata ta durƙusa ta ce, "Allah shi gafarta Malam." Ya tsaya cik, ya daɗe yana kallonta.

"Ke ta? Ashe kina da rai?" "Shekara ukku ban ga dame ba. Nic ce gidanku ba su yanke zumunci sai in mutuwa ta. Tun sannan nike saka sunanki cikin mamata in ina addu'a."

Na jira mahaifiyata ta juyo ta dube ni, ba ta juyo ba.

"Sakacina na, Malam," in ji ta. "A yahe mani."

Muka kama hanyar komawa, muka wuce Boɗinga. Sai dab da gida ta ce, "Ɗiyan wasu jira su kai uwassu ta mutu kahin a yi mata addu'ar mamata. Kai ko ka gaggauta."

Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Na ɗauka gero nake kaiwa, ashe saƙo ne cewa muna nan kuma ba mu manta ba. Ban sake fashi ba ko sau ɗaya.

Shekarar da ta rasu ma ni na kai damen. Na sauke shi a zaure, na durƙusa inda ta durƙusa, na ce, "Malam, ga gero. Amma bana ka maida sunanta cikin mamata."